Labarin Bin Diddigi Cikin Ruwan Sanyi: Daga Bakin Teku Zuwa Bakin Iyaka a Baure

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙaramin gari ya san yadda gari yakan ɗauki ƙus-ƙus ranar da aka wayi gari aka ce abu ya ɓace a gidan wane. Kafin hantsi ya yi, labari ya kai bakin rijiya, ya kai mahauta, ya kai zauren mai unguwa, kuma kowa ya riga ya yanke hukunci a ransa. Mafi yawan lokaci wanda bakin mutane yake faɗawa a kansa shi ne wanda ba shi da mai tsaya masa, watau baƙo, ko almajiri, ko yarinyar aiki, ko wanda aka taɓa kamawa da laifi shekarun baya. Wani lokaci zaton ya dace. Wani lokaci kuwa a ɓata wa bawan Allah suna, ya yi ta yawo da tabon har ƙarshen ransa.

Akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da aka gina a kan irin wannan safiya, wanda ya yi ƙarfi ƙwarai a Ingila da Amurka. Turawa suna kiransa da wata kalma mai ma'anar ɗumi da sakewa, irin na wanda ya lulluɓa da bargo a lokacin hunturu. Mu a nan za mu kira shi labarin bin diddigi cikin ruwan sanyi. Babban tauraronsa ba ɗan sanda ba ne, mutumin gari ne kawai, sau da yawa ma tsohuwa, kuma galibi akan ajiye labarin a wani ɗan ƙaramin gari na bakin teku. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda irin wannan labari yake da abin da yake tafiyar da shi, sa'an nan ta nuna cewa marubucin Hausa ba ya bukatar teku kafin ya rubuta irinsa. Za mu ɗauki Baure ta ƙasar Daura a matsayin ma'auni, domin aikin da teku take yi wa waɗancan garuruwa, iyakar ƙasa tana yi wa Baure irinsa.

Asalinsa

Masana adabi sukan fara lissafin labarin bin diddigi na zamani daga 1841, shekarar da Ba'amurken nan Edgar Allan Poe ya fitar da labarin wani Bafaranshe mai suna Dupin, wanda ya warware wani kisa da ya gagari 'yan sandan Paris, ba da komai ba sai da lura da tunani. A 1887 Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes na birnin Landan, wanda ya mai da bincike sana'arsa. Waɗannan duka biyu mazan birni ne.

Wadda ta fi kowa tasiri wajen kai abin ƙauye da danƙa shi a hannun tsohuwa ita ce Agatha Christie, wadda aka haifa a 1890 a Torquay, wani garin bakin teku a kudu maso yammacin Ingila, ta rasu a 1976. Tsohuwar tata, Miss Marple, ta fara bayyana cikin gajeren labari a 1927, sa'an nan cikin cikakken littafi a 1930, watau The Murder at the Vicarage, labarin kisan da aka yi a gidan limamin cocin ƙauye. Daga nan ta fito cikin cikakkun littattafai har 12. Miss Marple ba ta da aikin da ya wuce saƙa da gyaran lambu da karɓar baƙi, a wani ƙagaggen ƙauye mai suna St Mary Mead. Dabararta guda ce: duk mutumin da ta gani, sai ta tuna wani mai irin halinsa a ƙauyensu, da abin da ya taɓa aikatawa. A ganinta halin ɗan Adam ɗaya ne ko'ina, saboda haka wanda ya san ƙauye ɗaya sani na haƙiƙa, ya san duniya.

Ƙauyen nata ba a bakin teku yake ba, amma Christie ta sha kai labaranta can, alal misali Sleeping Murder, wanda ya fito a 1976. Abin da ya ƙara ɗaure wannan irin labari da bakin teku a zukatan mutane shi ne wani wasan talabijin na Amurka mai suna Murder, She Wrote, wanda aka nuna daga 1984 zuwa 1996, kashi 264. Tauraruwarsa Jessica Fletcher gwauruwa ce, tsohuwar malamar makaranta mai rubuta littattafai, wadda take zaune a wani ƙagaggen garin masunta a jihar Maine.

Ba kowa ne ya yi na'am da wannan salo ba. A 1944 Raymond Chandler ya rubuta wata maƙala yana sukar irin waɗannan labarai, yana ganin sun mai da kisan kai wasan dara na masu hali, alhali kisa na gaskiya a lungunan birni ake yinsa, bisa dalilai na gaskiya. Rassan biyu sun ci gaba da tafiya kowa da hanyarsa: ga na bindiga da jini da manyan birane, ga kuma na ruwan sanyi. Matasan arewacin Nijeriya na shekarun 1970 da 1980, waɗanda suka yi ta karɓa-karɓar littattafan James Hadley Chase a makarantun kwana, reshen farko suka fi sani.

Sigoginsa

Abubuwa huɗu ne suke rarrabe wannan reshe da sauran.

Na farko shi ne wuri. Dole ya zama ƙarami, inda kowa ya san kowa har kakanni, domin a iya ƙidaya waɗanda ake tuhuma da yatsun hannu. A babban birni mai laifi zai iya zama kowa, a ƙaramin gari kuwa tilas ya zama wani da ake gaisawa da shi kullum, kuma nan zafin labarin yake.

Na biyu shi ne tauraro. Ba shi da kaki, ba shi da izinin kama kowa ko shiga gidan kowa da ƙarfi. Jarinsa sanin mutane, da kunnen sauraro, da kuma rainin da ake yi masa. Mai laifi yakan tsare bakinsa gaban ɗan sanda, amma wa zai tsare bakinsa gaban tsohuwa mai saƙa?

Na uku shi ne kawar da kai daga ƙazanta. Ana aikata laifi, har kisa, amma ba a gaban mai karatu ba. Babu kwatanta jini, babu batsa, babu ashar.

Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne adalci tsakanin marubuci da mai karatu. A 1929 wani limamin Katolika na Ingila, Ronald Knox, ya tsara ƙa'idoji 10 na wannan fanni. Daga cikinsu akwai cewa lalle a ambaci mai laifin tun farkon labari, kada a jawo shi daga sama a shafin ƙarshe. Kada a warware matsala da tsafi ko aljanu. Kada sa'a kawai ta taimaki mai bincike. Kuma duk alamar da ya gani, a nuna wa mai karatu ita. Ke nan labarin kacici-kacici ne mai tsawo, wanda amsarsa take shimfiɗe a gaban mai karatu tun da wuri, sai dai an janye hankalinsa zuwa wani gefe.

Ta fuskar zubi da tsari, masanin adabi Tzvetan Todorov ya nuna a 1966 cewa irin wannan littafi labari biyu ne a haɗe. Akwai labarin laifin, wanda ya riga ya ƙare kafin a buɗe littafi ko jim kaɗan bayan an buɗe, akwai kuma labarin binciken, wanda aikinsa shi ne ya tono na farkon. Ƙafar mai karatu tana tafiya gaba, idonsa yana duban baya. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu komo gare shi.

Me ya sa bakin teku?

Ba don kyan gani kawai marubuta suke son garin bakin teku ba. Teku tana yi wa labari aiki iri uku. Da fari, katanga ce: gari yana da ruwa a bayansa da hanya ɗaya a gabansa, saboda haka ana iya sanin wanda ya shiga da wanda ya fita. Na biyu, ƙofa ce: ta nan baƙi suke zuwa, matuƙan jirgi da fatake da masu hutu, don haka kullum akwai baƙon da za a ɗora wa laifi, alhali mai laifin yana cikin gida. Na uku, agogo ce: ruwa yana cika yana janyewa a kan lokaci, ya shafe sawu a kan rairayi, ya kuma dawo da abin da aka jefa masa. Haka kuma garin yakan cika da baƙi a wani lokaci na shekara, ya koma fayau a wani.

Tun da daɗewa wani marubucin Afirka ya gane cewa wannan tsari ba gadon Turawa ba ne. Muhammed Said Abdulla na tsibirin Zanzibar ya fitar da Mzimu wa Watu wa Kale cikin harshen Swahili a 1960, ya biyo da Kisima cha Giningi a 1968. Tauraronsa Bwana Msa ba ɗan sanda ba ne, kuma abin sha'awa shi ne yadda ya shiga wurin da jama'a suke tsoro saboda imanin cewa akwai ruhohin magabata, ya fito da bayanin da hankali zai kama. A nan gida Nijeriya ma Yarabawa sun yi nisa: Oladejo Okediji ya fitar da Aja Lo Leru a 1969, Kola Akinlade kuma ya yi jerin littattafai a kan mai bincikensa Akin Olusina.

Irinsa a cikin abin da muka gada

Gano gaskiya ta hanyar alama ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Duk wanda ya yi karatun allo ya san ƙissar Annabi Yusuf, inda wani daga dangin matar ya ba da shawara a duba rigar, a ga ko ta gaba ta yage ko ta baya. Wannan shaida ba alƙali ba ne, ba dogari ba ne, ɗan gida ne da ya yi aiki da hankalinsa, ya kuɓutar da wanda aka yi wa ƙazafi.

Littattafan Larabci da malamanmu suke karantawa suna da irin wannan da yawa. Mas'udi, masanin tarihi na ƙarni na 10, ya kawo labarin 'ya'yan Nizar su huɗu, waɗanda suka siffanta wa wani mutum raƙuminsa da ya ɓace ba tare da sun gan shi ba. Sun ce mai ido ɗaya ne, domin gefe ɗaya kawai ya yi kiwo. Sun ce ba shi da wutsiya, domin kashinsa a tare yake wuri guda, bai warwatsu ba. A cikin wasu bugu na Dare Dubu da Ɗaya kuma akwai labarin Ali Kwaja na Bagadaza, wanda ya ba abokinsa ajiyar tulun zaitun da dinari 1000 a ƙarƙashi, ya yi tafiyar shekara bakwai. Abokin ya kwashe dinarin, ya cika tulun da sabon zaitun. Wanda ya warware shari'ar yaro ne da yake wasan alƙali da abokansa, ya ce a kira masu sayar da zaitun su faɗi ko na bana ne ko na shekara bakwai.

Akwai kuma hikayar da ake bayarwa a ƙasashe da dama, ta alƙalin da ya raba wa waɗanda ake tuhuma kara mai tsawo ɗaya, ya ce na ɓarawo zai ƙaru kafin safe. Ɓarawo ya rage nasa da dare, da safe aka ga nasa ne gajere. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Amma a lura, wannan tarko ne aka ɗana wa zuciyar mai laifi, ba karanta alama ba ne, kuma marubuci na ƙwarai yakan haɗa biyun.

A aikace ma muna da masu wannan ilmi. A karkarar arewacin ƙasar Hausa, inda ƙasa take da rairayi, an san masu bin sawu, galibinsu mafarauta da makiyaya. In an saci dabba da dare, da asuba ake kiransu, tun iska da ƙafafun jama'a ba su ɓata wurin ba. Sukan bambance sawun mai gudu da na mai tafiya, na mai ɗauke da kaya da na wanda yake hannu sake, na daren jiya da na shekaranjiya. A wurare da dama al'ada ita ce in sawu ya shiga gari, sai masu garin sun nuna inda ya fita, in ba haka ba magana ta zauna a kansu.

To, in haka ne, me ya sa wannan reshe bai yi kaka-gida a rubutaccen zubenmu ba? Amsar tana cikin batun nan na Todorov. Ƙagaggun labaranmu sun saba bin mai laifi daga gaba. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan farko na shekarun 1930, mai karatu ya san wanda ya ƙulla sharrin da dalilinsa tun da wuri, abin da yake jira shi ne ya ga yadda abin zai auku. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo yana bin saurayin da ya bar ƙauye ya faɗa hannun ɓata-gari a birni. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda suka fito a 1982, sun shiga duniyar ta'addanci da fasa-ƙwauri, amma ba a ɓoye wa mai karatu ko su wane ne miyagun ba. Jigon duka shi ne sakayya: rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Tambayar da suke amsawa ita ce, yaya ƙarshen mugu zai kasance? Labarin bin diddigi kuwa wata tambaya yake yi daban: wane ne, kuma da me muka sani?

Baure a kan ma'auni

Baure ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, tare da Daura da Zango da Mai'aduwa da Sandamu. Tana can ƙuryar gabas ta Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, tana maƙwabtaka da Jihar Jigawa ta wajen Ɓaɓura, ta arewa kuma da Jamhuriyar Nijar ta wajen Magarya. Zaman gefe ba sabon abu ba ne gare ta. Bayan jihadi ya ci Daura a farkon ƙarni na 19, zuriyar tsofaffin sarakuna ta rabu, wani reshe ya kafu a Zango, wani a Baure, ƙarƙashin inuwar Damagaram, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana cikin littafinsa na 1978 a kan Daura. Daga baya Ingila da Faransa suka ja layinsu, aka kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908, aka bar dangi ɗaya a ƙasa biyu.

In mun ɗora ayyukan nan uku na teku a kan wannan iyaka, za mu ga sun zauna daidai. Katanga ce, domin ikon ɗan sanda yana ƙarewa a nan, na jandarma ya fara. Ƙofa ce, domin ta wurare irin su Babban Mutum mutane da dabbobi da hatsi suke kai da kawowa, kuma ana aure da zumunci tsakanin ɓangarorin biyu. Tana kuma da nata cika da janyewa: an rufe ta daga 1984 zuwa 1986, an sake daga 2019 zuwa 2020, an kuma sake a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, kuma kowane rufi yakan sauya farashi, ya talauta wani, ya azurta wani. Ga kuɗi iri biyu, naira da sefa, a aljihu ɗaya. Ga ranar kasuwa, wadda take cika gari da baƙi da safe ta kwashe su da yamma. Ga cin rani, wanda yake kwashe maza bayan kaka ya dawo da su da faɗuwar damina. Rairayin yankin yana riƙe sawu kamar na bakin teku, iskar hunturu kuma tana shafe shi kamar igiyar ruwa.

Saura tauraro. A nan tsarin gidan Bahaushe ya riga ya yi wa marubuci zaɓi. Namiji baƙo, ko da hukuma ne, iyakarsa zaure. Rabin abin da yake faruwa a gari yana bayan bangon da ba ya iya ƙetarewa. Masu ƙetare shi kullum ba tare da an tambaye su dalili ba su ne ungozoma, da mai kitso, da uwa-uba dillaliya. Dillaliya ta san wadda ta sayar da zanenta a ɓoye, da wadda ta sayi tasa alhali mijinta yana kukan babu, ta kuma san kayan kowane ɗaki domin ta hannunta suka shiga. Ta wajen maza kuwa akwai wanzami, da mai shayi, da sarkin fawa wanda ya san fatar kowace dabba da aka yanka, da tsohon malamin firamare wanda ya koyar da rabin garin, ya san mai ƙarya tun yana aji biyu. Da ɗan gari akan ci gari.

Wani ɗan misali

Bari mu ƙaga wani ɗan labari domin a ga yadda abin yake aiki. A wani ƙauye na bakin iyaka, uwar adashi ta ajiye kuɗin zubi cikin wata tasa a tsakiyar jerenta, tare da 'yan takardun sefa nata na kanta. Da safe ta duba, kuɗin adashi sun tafi. Waɗanda suka kwana a gidan su ne kishiyarta, da almajirin gidan, da 'yarta da ta zo ganin gida, da wani baƙo daga ƙetare da ya sauka a zaure ya kuma yi sammako ya wuce. Nan da nan gari ya ce baƙo ne, har samari suna shirin tare shi ranar kasuwa.

Dillaliya ta shigo jaje, ta zauna, ta sha ruwa, ta dubi ɗaki. Ta lura da abu uku. Sefa tana nan ba a taɓa ba, alhali mai ƙetare iyaka ita zai fara ɗauka. An mai da jere yadda yake, kowace tasa a mazauninta, zanenta yana duban ƙofa, aikin da namiji ko yaro mai sauri cikin duhu ba zai iya ba. Kishiya kuwa da ƙunshi ta kwana hannu da ƙafa, ga lallen ya kama ja wur, ga tasoshi babu tabo ko ɗaya. Sai ta tuna cewa sau biyu cikin watan nan 'yar gidan ta aiko mata da zane a sayar, ta ce kada a faɗa wa kowa, kuma an daɗe ba a ga mijinta a kasuwa ba.

Duk alamun nan an shimfiɗa su gaban mai karatu, babu duba, babu mafarki. Amma abin da dillaliya za ta yi da sanin nata shi ne inda labarin zai zama na Hausa. Ba za ta tara jama'a ta nuna yatsa ba, yadda ake yi a ƙarshen littattafan Turawa. Za ta ja uwar gefe, su yi magana ƙasa-ƙasa, a gano cewa miji ne yake kwance ba lafiya, kunya ta hana yarinyar roƙo. A sayar da abin da za a sayar a cike adashi, sa'an nan uwar adashi ta aika wa mai unguwa cewa an ga kuɗi a cikin gida, a bar baƙo ya ci kasuwarsa.

Matsalolin da ke gaban marubuci

Matsala ta farko ita ce tarbiyyarmu ba ta yaba wa mai bin diddigin mutane. Addini ya hana binciken laifin juna, Bahaushe kuma ya ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, yana kuma roƙon rufin asiri safe da yamma. Tauraron da yake leƙe-leƙe don jin daɗinsa, mai karatu zai kira shi magulmaci, ya ajiye littafin. Mafita ita ce wadda muka gani a ƙissar riga da kuma misalin da ya gabata: kada ya shiga magana sai an riga an ɗora wa marar laifi. In haka ta faru, bincikensa ya zama kashe zato, ba hura shi ba.

Ta biyu ita ce kisa. A littattafan Turawa gawa ce take buɗe labari, a kuma yi ta shan shayi a kanta. A garin da ake yi wa mamaci sutura cikin 'yan sa'o'i, ake zaman makoki da alhini, wannan ba zai karɓu ba. Amma ba dole ne sai an kashe wani ba. Ɓatan ragon layya, da kayan ɗakin amarya, da takardar gona, da rikicin gado, da dabbar da aka sauya wa kasuwa, kowanne ya isa ya raba zumuncin shekara arba'in, kuma wannan babban abu ne a ƙaramin gari.

Ta uku ita ce boka da mai duba. A zahiri mutane da yawa can suke fara zuwa in abu ya ɓace, kuma sau nawa aka raba 'yan'uwa saboda an ce wani dogo ne baƙi na kusa da gida? Marubuci ba zai yi kamar babu su ba. Sai ya sa su cikin labari yadda suke a rayuwa, su faɗi tasu, jama'a su gaskata, sa'an nan alama da hujja su zo su yi nasu aikin, kamar yadda Bwana Msa ya yi a Zanzibar. Haka nan zargin maita da na sammu, waɗanda galibi a kan tsofaffin mata marasa gata suke faɗawa, fili ne babba ga mai wannan salo.

Kammalawa

A taƙaice mun ga cewa labarin bin diddigi cikin ruwan sanyi yana tsaye ne a kan ƙaramin wuri mai gefe, da tauraron da ya san mutanensa, da tsabtar harshe, da adalci ga mai karatu. Mun ga cewa teku ba sharaɗi ba ce, gari irin Baure yana da duk abin da ake nema, kuma ƙissoshi da hikayoyi da masu bin sawu sun riga sun share mana fage. Abin da ya rage shi ne koyon zubin, watau ƙulla labari daga ƙarshe zuwa farko, da shuka alamu a inda mai karatu zai gan su amma ba zai lura ba. Wannan aiki ne na haƙuri, ya fi kusa da saƙa bisa ga zuba zance.

Amfanin abin ya wuce hira. Muna cikin zamanin da ihun ɓarawo ɗaya a kasuwa, ko hoto ɗaya da aka yaɗa a wayar hannu, yake iya jawo a hallaka mutum kafin a tambaye shi sunansa. Yaron da ya karanta labarai goma waɗanda a cikin kowannensu wanda gari ya fara zargi ya fita ba shi da laifi, da wuya ya zama na farkon ɗaukar dutse. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai masu sha'awar rubutu, musamman waɗanda suka fito daga ƙananan garuruwa, in sun koma gida hutu su zauna kusa da dillaliyar unguwarsu, su saurara da kyau. Allah ya sa mu dace.